Tsadar Azurfa Na Barazana Ga Lambobin 'Yan Mazan Jiya A Kasuwannin Kan Iyaka

Wata ranar kasuwa cikin hunturun ƙarshen shekarar 2025, ina zaune a rumfar wani maƙerin fari a ɗaya daga cikin kasuwanninmu na kan iyakar Nijeriya da Nijar, ina jiran kasuwa ta cika in ɗauki farashin kaya don shirinmu na rediyo, sai ga wani saurayi da bai wuce shekara 25 ba ya yi sallama. Ya ciro wani tsumma daga aljihu, ya kwance, ya zube lambobi huɗu a kan tabarma. Biyu masu siffar tauraro ne, launin tagulla, sauran biyun kuma farare ne masu faɗi kamar tsohuwar dala.

"Baba, na kakanninmu ne, a adakar tsohuwa muka same su. An ce azurfa ta yi kuɗi, a auna mini," in ji shi.

Maƙerin ya jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, ya ture taurarin biyu gefe, ya ce waɗannan sai 'yan gwangwan. Ya ɗauki fararen ya sake su a kan ƙarfe ya saurari ƙararsu, ya ture guda ya ce farin ƙarfe ne kawai, sannan ya ɗora ta huɗun a kan sikeli. Da na karɓa na duba kewayen bakinta, sai na ga ƙananan haruffan boko: lambar soja, muƙami, suna, da sunan rundunar Nijeriya. Sauran ukun babu suna ko guda a jikinsu. Wato cikin huɗun nan, wadda ke ɗauke da sunan mai ita, ita kaɗai ce ke kan hanyar shiga wuta.

Wannan shi ne abin da ya sa na ga ya dace mu tattauna da 'yan kasuwarmu a kan waɗannan lambobi, waɗanda tsofaffin sojoji ke kira minda. Duk wanda ke yawo tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Konni, ko Maigatari da Damagaram, ko Gamboru da Kusiri, zai iya cin karo da su a shimfiɗar masu tsofaffin kaya ko a hannun dillali. Galibi kan sikeli ake yanke musu kuɗi, alhali kuwa sikeli shi ne ma'aunin da ya fi kowane karya musu daraja.

Abin da ya taso da maganar

Abubuwa uku ne suka haɗu a lokaci guda. Na farko farashi. A watan Oktoban 2025 azurfa ta haura dalar Amurka 50 a kan kowace oza, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, abin da ya zarce matsayin da ta kai a shekarar 1980. A wannan watan ne kuma zinariya ta haura dalar Amurka 4,000. Labarin ya iso kasuwanninmu ta rediyo da wayoyin hannu, kowa ya shiga tunanin abin da ke kwance a adakar gidansu.

Idan mai karatu bai sani ba, an taɓa yin irin wannan. A watan Janairun 1980, lokacin da wasu attajirai 'yan gida ɗaya daga jihar Texas ta Amurka, waɗanda ake kira 'yan gidan Hunt, suka yi ta sayen azurfa suna ɓoyewa, farashinta ya kusan kai dalar Amurka 50. A wancan lokaci an narkar da ɗimbin lambobin yaƙin duniya na farko a Ingila don kawai azurfar da ke jikinsu. Kafin ƙarshen watan Maris na wannan shekara farashin ya ruguje, amma lambobin da aka narkar sun tafi ke nan, kuma har yau akwai zuri'ar da ke neman lambar kakansu ba su samu ba.

Na biyu siyasa. Tun bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 dangantakar Nijar da Faransa ta lalace, sojojin Faransa suka fice a watan Disamban wannan shekara. A watan Oktoban 2024 hukumomin Yamai suka cire sunan Janar de Gaulle daga wani babban titi suka sa na Djibo Bakary. Cadi ma ta soke yarjejeniyar tsaro da Faransa a ƙarshen Nuwamban 2024, sojojin suka kammala ficewa a ƙarshen Janairun 2025. A irin wannan yanayi ba abin mamaki ba ne matashi ya dubi lambar da ke ɗauke da tambarin Faransa ya ce tarkacen mulkin mallaka ne, ba shi da amfani sai a kai wa maƙeri.

Na uku kuwa kowa ya san shi, wato matsin rayuwa. Rufe iyakar da aka yi daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, da faɗuwar darajar naira, sun cinye jarin mutane da dama. Wanda ba shi da na cefane ba a yi masa wa'azin tarihi. Abin da ya kamata shi ne a gaya masa gaskiyar abin da ke hannunsa, in ma sayarwar zai yi kada a cuce shi.

Daga ina minda ta samo asali

Minda daban take da kuɗi, ko da yake maƙera ɗaya ce ke buga su. Kuɗi don ciniki aka yi shi, ita kuwa don tunawa da wani mutum ko wani al'amari. Masana tarihi na danganta farkonta, a siffar da aka sani yanzu, da wani mai zane ɗan Italiya da ake kira Pisanello. A wajajen shekarar 1438 ya zuba wata lamba ta tagulla mai hoton sarkin Rumawan Gabas, wanda ya taso daga birnin da yanzu ake kira Istanbul ya zo Italiya neman taimako a kan Turkawa. Sarakuna da attajiran Turai suka ga abin ya yi kyau, kowa ya shiga sa a zuba masa tasa yana rabawa abokai da baƙi.

Faransa ce ta mayar da abin aikin gwamnati. A zamanin Sarki Louis na 14, a shekarar 1663, aka kafa wani kwamiti na masana wanda daga cikin aikinsa akwai tsara kalmomin da za a rubuta a kan lambobin da ke yabon sarki da nasarorinsa. Tun daga nan ya kamata mai karatu ya gane cewa minda ba ta faɗin tarihi dukkansa, tana faɗin abin da mai mulki yake so a tuna ne.

Ba wa ƙaramin soja lamba kuwa ya zo ne daga baya. Bayan yaƙin Waterloo na 1815, inda aka karya Napoleon, gwamnatin Ingila ta ba duk sojan da ya halarta lamba iri ɗaya ta azurfa, tun daga janar har kurtu, kuma aka buga sunan kowa da inji a kewayen bakin tasa. Daga nan al'adar rubuta suna ta kafu a wajen Ingilishi. Faransa ta yi irin nata a 1857, lokacin da Napoleon na Uku ya ba tsofaffin sojojin baffansa da suka rage a raye lambar tagulla. Sai dai Faransawa ba su ɗauki al'adar buga suna a jikin ƙarfe ba, a takarda suke rubuta shi. Wannan bambanci na da muhimmanci ƙwarai ga mai ciniki a kan iyaka, kamar yadda za mu gani.

Waɗanda ake gani a kasuwanninmu

Ta ɓangaren Ingilishi, mafi tsufa da aka fi cin karo da ita ita ce lambar hidima a Afirka da aka ƙirƙiro a 1902. Ta azurfa ce, tana da suna a baki, kuma a saman ta akan maƙala wani siririn ƙarfe a gicciye mai ɗauke da sunan wurin yaƙi da shekara. Wanda aka rubuta wa Arewacin Nijeriya 1903 na yaƙin Kano da Sakkwato ne, wanda ya ƙare a Burmi cikin watan Yuli. Na 1906 kuwa na Satiru da Haɗeja ne.

Sai lambar yaƙin duniya na farko, wadda aka buga kimanin miliyan 6.5 ta azurfa. A gabanta hoton Sarki George na Biyar ne, a bayanta mutum a kan doki da shekarun 1914 da 1918. Sojojinmu da suka yaƙi Jamusawa a Kamaru, a Garwa da ta faɗi a 1915 da dutsen Mora da ya miƙa wuya a 1916, suna cikin waɗanda suka samu. Irinta ce saurayin nan ya kawo aka ɗora a sikeli.

Na yaƙin Hitila su ne suka fi yawa. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 aka kai yaƙin Bama, fiye da rabinsu daga Nijeriya, a cikin runduna ta 81 mai alamar gizo da ta 82 mai alamar masu biyu a gicciye cikin gammo. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, kuma ba 'yan ƙasar Ingilishi kaɗai ne a ciki ba, akwai samarin da suka tsallako daga ƙasar Faransa suka ba da sunansu. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Burma Camp a Ankara, duk daga wancan yaƙi suka samo asali. Taurarin da aka ba su, na Bama da na Afirka da na 1939 zuwa 1945, garwayen jan ƙarfe ne, babu zinariya a ciki. Farar lambar da ke raka su, mai hoton zaki a kan dodo, garwayen jan ƙarfe da nikel ce, ba azurfa ba. Kuma gwamnatin Ingila ta raba su ne ba tare da buga suna ba.

Ta ɓangaren Faransa, wadda aka fi gani a Nijar da Cadi da arewacin Kamaru ita ce lambar yankunan mallaka da aka ƙirƙiro a 1893, 'yar ƙarama ta azurfa mai hoton mace da hular yaƙi, wadda aka sauya wa suna a 1962. Ita ma darajarta na ga siririn ƙarfen da ke kan ƙyallenta. Wanda aka rubuta wa Sahara ko Afirka ta Yamma ta Faransa ya yi yawa, amma akwai na Kufra, garin kudancin Libiya da Leclerc ya ci a farkon Maris na 1941 da sojojin da ya ɗebo daga Cadi, bayan Gwamna Félix Éboué ya bi bayan de Gaulle a watan Agustan 1940. Akwai kuma gicciyen yaƙi na tagulla da aka ƙirƙiro a 1915. Tun da babu suna a jikinsu, takardar shaida da littafin soja su ne ke nuna mai su. Lambar Faransa da aka raba da takardarta ta zama marainiya.

Baya ga na soja akwai na bukukuwa. Nijeriya ta yi lambar 'yancin kai a 1960 ga sojoji da 'yan sandan da ke bakin aiki. Nijar ta fitar da kuɗaɗen tunawa na zinariya da azurfa masu hoton Shugaba Diori Hamani, Cadi da Kamaru ma sun fitar da nasu a 1970 don cika shekara 10 da samun 'yanci. Waɗannan ba a buga su da yawa ba, kuma masu tarawa a Turai aka yi wa su, shi ya sa na gaskiyarsu ba su cika yawo a kasuwannin ƙauye ba.

Darasin tsohuwar dala

Kafin mu zo kan farashi, akwai darasi a tsohuwar dalar azurfar nan ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tareza, wadda iyayenmu mata ke ado da ita, maƙeran Agadas kuma suka daɗe suna narkarwa. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana ciniki da ita a Kukawa a 1851. Kusan duk wadda ka ɗauka za ka ga 1780 a jikinta, dillali kuma ya rantse maka ta shekara fiye da 240. Gaskiyar magana ita ce 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma tun daga lokacin ake ta buga ta da wannan shekara ba a sauya ba, a Biyana da Landan da Paris da Rum da Bombay. An buga fiye da miliyan 300.

Nauyinta giram 28 ne, zallar azurfar da ke ciki kuma giram 23 da ɗan ɗoriya. Ke nan a lokacin da oza ke dalar Amurka 50, azurfar da ke jikinta ta kusan dalar Amurka 38. Wannan shi ne kuɗinta, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ita kam sikeli bai cuce ta ba, domin tana da yawa kuma ba ta ɗauke da sunan kowa. Darasin shi ne shekarar da ke rubuce a jikin ƙarfe ba ita ce shekarar da aka buga shi ba. Haka gidan buga kuɗi na Paris yake sake buga tsofaffin lambobi da hatimansu na asali, sai dai yana sa 'yar alama a baki. Alamar ƙaho mai zubo da 'ya'yan itace na nuna cewa daga 1880 zuwa sama aka buga, ko da gabanta na cewa zamanin Napoleon.

Me ke sa minda ta yi kuɗi

A Landan akwai gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans da ke sayar da lambobi, akwai kuma littafin farashi da ake bugawa duk shekara. Abin da masu saye ke dubawa bai wuce biyar ba, kuma nauyi ba ya ciki.

Na farko ƙaranci. Abin da aka buga miliyoyi ba ya tsada, komai tsufansa. Tauraron Bama shi kaɗai, ba suna ba takarda, 'yan fam kaɗan ne kuɗinsa ko a Landan, don haka duk wanda ya ce maka na miliyoyi ne, ko bai sani ba ko yana shirya maka wani abu. Na biyu suna, domin da suna ne ake komawa kundin rundunar a gano ko wane ne mutumin da inda ya yi yaƙi. Na uku labari: lambar wanda aka san ya yi wata bajinta ko ya halarci wani sanannen gumurzu ta fi ta wanda ba a san komai a kansa ba nesa. Na huɗu cikar jeri. Lambobin mutum guda a haɗe, da ƙyallayensu na asali, da takardar sallama da hoto, sun fi kuɗi a dunƙule fiye da a ce an rarraba su. Na biyar lafiyar jiki, wato ba a huda ba, ba a kankare ba, ba a yi mata walda ba.

Misalai biyu za su nuna yadda ƙarfe ba shi ne magana ba. Lambar Victoria, wadda ita ce ƙololuwar lambar jarumta a Ingila tun 1856, ta tagulla ce, ɗan gwangwan ba zai ba ka kuɗin shayi a kanta ba. Amma da yake duka waɗanda aka bayar ba su kai 1,400 ba, an ruwaito cewa a 2009 attajirin nan Lord Ashcroft ya biya kimanin fam miliyan 1.5 a kan lambobin wani likitan soja, Noel Chavasse, wanda ya same ta sau biyu. Haka kuma ɗaya daga cikin lambobi huɗu da ɗan tseren nan baƙar fata na Amurka, Jesse Owens, ya ciyo a Balin a 1936, a gaban idon gwamnatin Hitila, an sayar da ita kusan dalar Amurka miliyan 1.5 a 2013, alhali azurfa ce aka shafa wa ruwan zinariya.

Ba ina cewa akwai irin waɗannan a adakar gidanku ba ne. Abin da nake nufi shi ne lambar azurfa mai sunan sojan Afirka da maƙalin wani sanannen yaƙi, kuɗinta a wajen masu tarawa ya fi kuɗin azurfarta, wani lokaci ninkin ba ninki. Wanda ya narkar da ita ya sayar da doki a kuɗin fatarsa. Masu iya magana sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

A nan ne kuma matanmu ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Da zarar an ce za a kai kasuwa sai a ɗauko toka da lemon tsami a dirje ta har ta yi ƙyalli. Wannan duhun da ta yi na shekaru shi masu saye ke so su gani, dirzar kuwa na shafe rubutun da ke baki. Gogawa da magagari ko ɗiga ruwan batir don gwaji duk suna rage mata kuɗi.

Damfara da doka

Inda duk aka ce abu ya yi kuɗi, macuta na nan. Akwai lambobin jabu da ake zubawa a sayar wa baƙi. Ta gaskiya bugawa aka yi da hatimi, rubutunta tsaf yake. Ta jabu zubi ce, za ka ga ƙananan ramuka kamar na ƙuraje, da layin haɗi a baki, rubutun kuma ya yi laushi. Azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, amma tagulla da dalma ma ba sa kamawa, saboda haka wannan gwaji shi kaɗai bai isa ba. Akwai kuma masu kankare suna su buga wani, wanda ake ganewa idan bakin lambar ya fi siranta a gefe guda.

Wata sabuwar hanyar ita ce kuɗaɗen ado da wasu kamfanonin Turai ke bugawa da sunan Nijar ko Cadi ko Kamaru, a rubuta musu saifa 1,000, a sa hoton dabba ko wani tauraro. Yawancin 'yan waɗannan ƙasashe ba su taɓa ganinsu ba, kuma mai kanti a Maraɗi ba zai karɓa ya ba ka sukari ba. Wasu azurfa ce ta gaske, wasu shafe ne kawai.

Sai tsohuwar damfarar da ba ta mutuwa, inda wani zai zo neman wata lamba ko tsohon kwabo a kan kuɗi mai yawa, ya ce akwai wani sinadari a ciki, kwana biyu sai ga abokin cin mushensa ya zo da irin abin yana sayarwa da araha. Kai ka saya, mai neman kuma ya ɓace. Irin wannan jita-jita ce ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a 2009, wai akwai jan zaiba a ciki, abin da babu shi sam. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Game da doka kuwa, a Nijeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana cinikin kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje sai da takarda. Nijar ma tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997. Ba kowace minda ce ke shiga ƙarƙashin waɗannan dokoki ba, amma ba a bakin shingen kwastan ko duwan ake wannan muhawara ba. Mai niyyar tsallakawa da su ya fara tambaya a Gidan Makama na Kano ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Sannan dillali ya tambayi asalin abin da aka kawo masa, domin sau da yawa yaro ne ya ɗauko ba da sanin manyan gida ba, kuma kayan gado ne da wasu ke da haƙƙi a ciki.

Abin da sikeli ba ya aunawa

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa za mu damu da ajiye lambar da Bature ya bayar, musamman wadda aka bayar don an ci Kano ko an ƙone Satiru? Tambaya ce mai nauyi, kuma masu yin ta suna da hujja. Amsar da zan iya bayarwa ita ce ajiye shaida ba ya nufin yabon abin da aka aikata. Lambar 1903 mai sunan Bahaushe ko Bazabarme a bakinta tana nuna mana da hannun wa aka yi wancan yaƙi, abin da ba kowane littafin makaranta ke son faɗa ba.

Bugu da ƙari, waɗannan mutane an sha shafe sunayensu. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, galibinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya nemi afuwa a majalisa. A ɓangaren Faransa, dokar ƙarshen 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka a kan abin da suke karɓa a lokacin 'yancin kai. Sai da wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya yi nasara a kotu a 2001, sannan kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a 2010, kafin a daidaita daga 2011, kuma ko a lokacin sai wanda ya nema da takardunsa. Kisan da aka yi wa sojojin Afirka a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamban 1944, saboda sun nemi haƙƙinsu, sai a Nuwamban 2024 Shugaba Macron ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 ne suka mutu, masu bincike na cewa ɗaruruwa ne, kuma da takardu da sunaye ake wannan jayayya.

Saboda haka ga mai irin waɗannan kaya a gida, shawarata ita ce kada ya wanke, kada ya raba lambobi da takardu, ya ɗauki hotonsu gaba da baya da baki, ya kwafe suna da lamba a littafi. Da wannan lambar ana iya neman bayani a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, ko ta Kew a Landan, ko ma'ajiyar takardun sojojin Faransa da ke garin Pau. In dole ta sa sai an sayar, a ji farashi daga mutum fiye da ɗaya, kuma a fara tayawa 'yan'uwa kafin bare. Maƙeranmu kuma, duk lambar da suka ga suna a bakinta, su dakata kafin su sa a wuta, ko don ribar kansu.

Shi dai saurayin nan, da aka karanta masa sunan da ke bakin lambar, ya yi shiru, sannan ya ce sunan da ake kiran ƙaninsa da shi ke nan. Maƙerin ya ba shi kuɗin azurfar a matsayin jingina, ya ce masa, "Yaro, je ka gaya wa manyanka, zan ajiye ta har kasuwa huɗu." A kasuwa ta uku wata dattijuwa ta aiko da kuɗin aka fanshe ta. Sauran ukun da aka ture wa 'yan gwangwan ma an mayar da su cikin tsumman. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu.